Ɗaukar bidiyon tseren babura masu ƙafa huɗu a hamadar Maroko: me zan tanada?

Sabon-hannu:

Assalamu alaikum. An ɗauke ni riƙon kyamara ta biyu a tawagar da za ta bi tseren babura masu ƙafa huɗu a kudu maso gabashin Maroko, daga wajajen Erfoud da Merzouga har zuwa Zagora, cikin watan Oktoba. Kwana biyar za a yi, kowane dare a zango daban. Mu uku ne da direba a mota ɗaya. Kayanmu: manyan kyamarori biyu, ƙananan kyamarorin GoPro huɗu da za a maƙala wa babura, da kwamfuta ɗaya. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin a kan caji, ajiyar hotuna, ƙura, da kuma inda mutum ke tsayawa idan babura na tahowa. Yaya kuma zaman zango yake? Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da tambayar inda ake tsayawa, domin nan ne rai yake.

Babur da ke gudun kilomita 90 a awa yana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. In filin da idonka ke gani mita 250 ne, daƙiƙa goma kake da ita, kuma wataƙila ba za ka sake ganin wannan matuƙi ba sai da yamma a zango. Saboda waɗannan daƙiƙu goma ne za ku tashi tun ƙarfe huɗu na asuba ku yi tafiyar awa uku. Masu shirya tsere sukan ba 'yan jarida wuraren tsayawa da lambobin GPS tun daren da ya gabaci ranar. Ku zaɓi biyu kawai a rana, uku in hanyar kwalta ta haɗa su. Mai neman wuri biyar yakan isa kowanne bayan an wuce.

Kada ka tsaya a bayan tudun rairayi, wato gefen da babur ke sauka. Gefen da iska ke bugawa yana hawa a hankali, ɗaya gefen kuwa gangare ne mai tsini, kuma matuƙi ba ya ganin abin da ke ƙasa sai ya leƙo ƙoli. Kai ma ba za ka ji shi ba, domin tudu na tare ƙarar inji har sai ya fito a kanka. Ka hau ƙolin tudun, gefe da sawun tayoyi, da tazarar aƙalla mita talatin. A kwanar hanya kuma ka tsaya ta ciki. Mai ƙafa huɗu ba ya kwantawa a kwana kamar babur mai ƙafa biyu. In taya ta kama ƙasa mai tauri sai ya ɗaga gefe ya kife, kuma ta wajen kwanar yake wuntsilawa. Duwatsun da tayoyin baya ke watsowa ma can suke nufa.

Mutum ɗaya cikinku ya ajiye kyamara, aikinsa kallon hanya kawai, da rediyon oba-oba a hannu. Mai leƙen kyamara da dogon lens ba ya iya kimanta nisa. Ku sa riga mai ƙyalli, motar kuma a ajiye ta nesa da layin tsere, a inda za a hango ta. Ku tuna a irin wannan tsere babura ake fara saki, motoci na biye da su, don haka wucewar babur na ƙarshe ba ta nufin hanya ta zama taku.

Game da mota: kafin shiga yashi a rage iskar taya zuwa bar 1.0 ko 1.2 (ma'aunin matsin iska), da geji, ba da ido ba. Da wannan iskar ba a murɗa sitiyari da ƙarfi, taya na iya zamewa daga rim. Da an fito kan duwatsu a mayar da iska, in ba haka ba gefen tayar zai tsage. Don haka dole ne famfon da ke aiki da batirin mota, shebur, faranti biyu na fitar da mota daga yashi, igiyar ja, da tayar safiya biyu. Yashi na da ƙarfi da safe, bayan azahar ya yi laushi, man da mota ke sha kuma yana iya ninkawa. In mota ta fara nutsewa a ɗaga ƙafa daga totur nan take. Ci gaba da taka shi rami kawai yake haƙawa.

Ruwa lita biyar zuwa shida ga kowane mutum a rana, da jarkar lita ashirin da ba a taɓawa sai ta ɓaci. A haɗa da ƙullin gishiri da sukari na ORS. Layin waya na ɗaukewa da zarar an yi nisa da kwalta, saboda haka a tambayi shugaban tawaga ko akwai wayar tauraron ɗan'adam, kuma kowa ya rubuta lambar agajin masu tseren a takarda, ba a waya kaɗai ba.

Mai Tace Hoto:

Malam, ka yi lissafin ajiya tun kana gida, domin a Merzouga ba za ka samu faifan da kake so ba.

GoPro da ke ɗaukar 4K a megabit 100 a daƙiƙa na cin gigabait 45 a awa. Guda huɗu, awa uku kowace, gigabait 540 ke nan. Ƙara na manyan kyamarori, ka kai wajen 700 a rana, terabait uku da rabi a kwana biyar. Kwafi biyu ake yi, don haka faifan SSD biyu masu terabait 4, kuma ba a ajiye su a jaka ɗaya. Faifai mai juyawa ba ya jure girgizar hanya mai gargada. Kati mai saurin megabait 90 a daƙiƙa zai ɗauki kusan awa ɗaya da minti arba'in kafin gigabait 540 ya gama sauka, in ana sa su ɗaya bayan ɗaya. Ka zo da na'urar karanta kati biyu. Ba a goge kati sai an buɗe fayil a faifan biyu an ga yana tafiya. Kowane kati a liƙa masa salatif da lambar babur da rana, domin da ƙarfe goma sha ɗaya na dare duk kama ɗaya suke yi.

Batura kuma dokar jirgin sama ce ke yanke hukunci. Batirin litiyom da bai wuce wat-awa 100 ba (ma'aunin wutar da batir ke riƙewa) yana shiga jakar hannu. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, kuma biyu kawai. Abin da ya haura haka ba ya hawa jirgin fasinja. Shi ya sa ake yin manyan baturan kyamara a kan 98 ko 99. Babu batirin safiya da ake sakawa a akwatin da zai tafi ƙarƙashin jirgi, kuma a rufe bakin kowanne da salatif. Babban akwatin caji mai wat-awa 1000, wanda shi ne zai riƙe ku a zango, sai dai a yi hayarsa a can.

A mota, soket ɗin kunna sigari yakan bayar da wat 120 ne kawai. Inbata, wato na'urar mayar da wutar mota ta zama irin ta gida, mai wat 300 zuwa 600 a haɗa ta kai tsaye da batirin mota, da fis, kuma a yi caji lokacin da inji ke aiki. Wanda ya bar caja a jone mota na kashe zai wayi gari da mataccen batir a tsakiyar hamada. Wutar Maroko 220 ce, soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu irin na Faransa. In daga Nijar kake, cajarka za ta shiga. In daga Najeriya ko Gana ne, filoginka mai ƙafa uku ba zai shiga ba. Ka zo da adafta biyu da doguwar waya mai baki shida.

Ɗan Agadas:

Duk abin da Baba Direba ya faɗa haka yake. Ni ƙura zan yi magana a kai, domin ba irin ta hunturu ba ce da muka saba. Akwai wadda masu tsere ke kira fesh-fesh, laushinta kamar garin alkama, tana kwance a busassun ƙoramu da tafkuna. Babur ɗaya ya ratsa ta sai ta tashi ta tsaya a sama na tsawon mintoci. A hoto tana da kyau ƙwarai, musamman in rana na bayanta, amma ita ce ke kashe kaya.

Ba a canza lens a fili, ko da kuwa iska ta kwanta. Tun da kyamara biyu gare ku, ɗaya ta ɗauki dogon lens 70-200, ɗaya ta ɗauki mai faɗi, a bar su haka har dare. Lens ɗin da ke tsawo yana gajarta idan ana zuƙo hoto yana aiki ne kamar zugazugi, yana tsotso ƙura ciki. Wanda motsinsa ke ciki ya fi. A sa gilashin kariya a gaba, a lulluɓe jiki da rigar ruwan sama ta kyamara ko leda, a naɗe mahaɗa da salatif. Wajen gogewa a fara da hurawa da ɗan famfon roba, sannan buroshi, sannan ƙyalle. Wanda ya fara da ƙyalle ya goga yashi ne a kan gilashi, kuma karcen ba ya fita. Ka tsaya ta inda iska ke fitowa, ƙurar ta tafi gaba ta bar ka.

Wajen maƙala GoPro kuwa, yawancin baburan da ake wannan tsere da su Yamaha Raptor 700 ne, mai silinda ɗaya, kuma girgizarsa na sa hoto ya riƙa rawa kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. A kan robar da ke rufe taya abin ya fi muni. A ɗaure ta da matsi a jikin ƙarfen firam ko ƙarfen gaba, da gajeren hannu. Duk tsawon da aka ƙara, girgiza aka ƙara. In mazaunin mai gam ne, ana goge wurin da sifirit, a liƙa tun kwana ɗaya kafin a fita, kuma duk da haka a ɗaure kyamarar da siririyar waya, domin zafi na sassauta gam. A nisanta ta da salansa. Wasu masu shirya tsere na hana kyamara a kan hular kwano, kuma sukan duba mazaunin kyamara a ranar binciken babura, don haka a nuna musu tun ranar.

A nan ne ban yarda da lissafin Mai Tace Hoto gaba ɗaya ba. Batirin GoPro ɗaya ba ya kai awa uku a 4K, kusan awa ɗaya ne da ɗoriya, kuma in aka kunna ta babur na tsaye a rana yana jiran layi, sai ta yi zafi ta kashe kanta domin babu iskar da ke sanyaya ta. A kunna minti biyu kafin a saki matuƙi. In ana son tsakiyar hanya, sai a nuna wa matuƙin maɓalli ɗaya da zai danna. Kada ka ɗauka za ka canza batir a wurin shan mai. Taɓa babur a tsakiyar tsere na iya zama taimakon waje a idon alƙalai, a ci matuƙin tarar lokaci. A tambaya tukuna.

In kana son ganin yadda ƙwararru ke yi, ka nemi hotunan tseren hamada na Dakar daga 2009, lokacin da aka ware wa masu ƙafa huɗu rukuninsu, zuwa 2024, wadda Manuel Andújar na Ajantina ya lashe a Saudiyya. Daga 2025 an cire rukunin. Na tsofaffin shekarun da ake ratsa Agadas da Tenere ma suna da amfani wajen ganin yadda haske ke sauka a kan yashi.

Mai Tace Hoto:

Gyaran Ɗan Agadas daidai ne. Awa uku ɗin sai in an jona ƙaramin batirin waje, an kuma toshe bakin wayar da kyau saboda ƙura. Duk da haka ka bar lissafin faifan yadda yake.

Sabon-hannu:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Saura biyu: ina da ƙaramin jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, in taho da shi? Sai kuma saitin kyamara da zaman zango.

Ɗan Agadas:

Jirgin nan ka bar shi a gida sai in takardarsa ta fito. Tun 2015 Maroko ta hana shigo da su ba da izini ba, kuma kwastan na riƙe su a filin jirgi. Ɗaukar fim na sana'a ma sai da izinin hukumar fina-finai ta ƙasar, CCM, da ke Rabat. Ka tambayi wanda ya ɗauke ka ko an nema, ko kuma takardar masu tseren ta rufe ku. Ka rubuta jerin kayanka da lambar jikin kowanne, kwafi uku, saboda kwastan na fita da na shiga.

Saiti: hoto 50 a daƙiƙa, shata (tsawon lokacin shigar haske) 1/100 na daƙiƙa, domin a iya rage gudu wajen tacewa. Hasken hamada ya fi ƙarfin wannan, sai da gilashin rage haske na ND. In kana son ƙwayoyin yashi su fito ɗaya-ɗaya a iska, ka ɗaga shata zuwa 1/500. Yashi mai haske na ruɗin ma'aunin kyamara ta duhunta matuƙi, don haka a saita haske da hannu. Ƙura kuma na ɗauke hankalin fokas mai sarrafa kansa. Ka saita shi da hannu a kan ƙolin tudun da babur zai ɓullo, ka jira. Daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa uku inuwa na ɓacewa, tuddai su zama shimfiɗa ɗaya. Wannan lokacin na tafiya ne zuwa wuri na gaba, ko ɗaukar fuskoki da hannuwa a wurin shan mai.

Tsohon Direba:

Zango ba wurin barci mai daɗi ba ne. Janareta na aiki har asuba, makanikai na tayar da inji suna gwadawa. Ka zo da abin toshe kunne, ka kafa tanti nesa da motocin gyara. Dare na sanyi ko a Oktoba, don haka jakar barci da rigar sanyi, da fitilar goshi. Takalmi a sa shi cikin tanti, a kakkaɓe da safe saboda kunama. Rawani ya fi hula amfani, yana rufe hanci da wuya. Kilishi kan iya tsayawa a hannun kwastan. Dabino kuwa lokacinsa ne a Erfoud, ku sayi kilo biyu ku ajiye a mota tare da burodi da kifin gwangwani, domin abincin rana babu tabbas. Matafiyi ne kai, ƙasaru ta halatta, ka duba alƙibla tun da sauran haske.

Da kun iso da yamma, kafin wanka ko abinci: kati a kwamfuta, batura a caji, sannan ka ɗauki ƙaramar kyamara ka je wurin makanikai. A nan ake canza filtar iska da mai, ake duba sarƙa da aksul na baya, matuƙi na zaune yana kwance bandeji daga tafin hannu. Ka nemi izininsu da Faransanci ko Larabci kafin ka haska musu fitila, kuma kada ka tsaya tsakanin makaniki da akwatin sifanunsa.