Wace kalma ta dace da "shock absorber" na bayan babur?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Idan za a rubuta wa masu doguwar tafiya da babur yadda ake canza "shock absorber" na baya in ya mutu a hanya, wace kalma za a sa? A kasuwa ana jin shokozoba, wasu su gajarta su ce shok. Shawarata ita ce sha-gargada, a kan tsarin hana-salla da rufa-ido. Masu sana'a, ya kuka gani?

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a raɗa suna a duba abin, domin abubuwa biyu ne a haɗe. Akwai sifirin da ya nannaɗe a waje, shi ke ɗaukar nauyin babur da mutum da kaya, shi ne kuma ke lanƙwashewa idan taya ta faɗa rami. A cikinsa akwai bututu cike da mai, da sanda mai fistin a kanta. Fistin ɗin yana da ƙananan ƙofofi, man yana matsewa ta cikinsu da ƙyar, wannan matsin shi ke hana sifirin ci gaba da tsalle bayan an wuce ramin. Ƙarfin tsallen zafi yake komawa, shi ya sa in ka taɓa bututun bayan tafiya a hanyar burji za ka ji shi da ɗumi. Ka ga wanda ke shan gargadar sifirin ne. Bututun aikinsa kashe tsalle.

Ɗan Damagaram: Gaskiyar Oga. A wajenmu amortiser ake cewa, daga Faransanci, kuma asalin kalmar tasu ma'anarta a rage wa abu ƙarfi har ya mutu, wato ta fi kusa da aikin bututun. Wanda ya taso daga Kano ta Daura ya tsallako Matamaye, ko ya kama hanyar Tanut zuwa Agadas, in ya ce shokozoba a shago ba lallai a gane shi nan take ba. Ya kamata takardar ta kawo sunayen kasuwa biyun ko sau ɗaya ne. Sifana ma a nan kile ce.

Malamar Hausa: To ashe kalmomi biyu ake nema, ɗaya ta duka abin, ɗaya ta bututun. Ga bututun, me zai hana a ce birkin sifirin? Kowa ya san birki.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Hajiya, a bar birki a wurinsa. Mutum yana daji ya kira bakanike a waya ya ce birkinsa na yoyon mai, wani abu daban za a kawo masa, kuma wata shawara daban za a ba shi. Bambancin kuwa na rai ne. Idan bututun ne ya zubar da mai, babur yana iya lallaɓawa zuwa gari na gaba. Alamarsa ita ce ka ga mai ya jiƙa sandar ya kama ƙura, kuma in ka danna kariya, wato wurin ɗora kaya na baya, da ƙarfi ka saki, bayan babur ya yi ta lilo sau uku ko huɗu maimakon ya taso sau ɗaya ya tsaya. A haka sai a rage gudu sosai, a matso da kaya masu nauyi gaba, a yi hattara a kwana domin tayar baya tana barin ƙasa tana dawowa. Amma in sifirin ne ya karye, ko idon da ake ɗaure shokozoba a jikin babur da shi ya tsinke, ko sandar ta lanƙwashe, a tsaya. Taya na iya cin madigadi ta ƙulle.

Mai Kayan Gyara: Bari in ƙara abin da ke sa a sayi wanda bai dace ba. Sunan babur kaɗai ba ya isa, domin Boxer da Jincheng da Haojue da TVS ba tsawo ɗaya suke amfani da shi ba, wani lokaci ma a kamfani ɗaya samfuri ya bambanta. A cire mai lafiyar daga cikin biyun, na hagu da na dama, a auna shi daga tsakiyar idon sama zuwa tsakiyar idon ƙasa. Ƙananan babura masu guda biyu yawanci suna faɗawa tsakanin milimita 300 da 350. A auna faɗin ramin idon, galibi 10 ne ko 12. A duba ƙasansa, ido ne ko kuwa mai baki biyu kamar cokali mai yatsu. In babu abin awo, a tafi shago da tsohon a jera su. Kuma guda biyu ake saye. Sabo ɗaya da tsoho ɗaya suna sa ƙarfen da ke riƙe da tayar baya ya riƙa murɗewa gefe, sabon kuma ya ɗauki aikin duka ya mutu da wuri.

Malamar Hausa: Na janye birki. Oga da bakinsa ya ce aikinsa kashe tsalle, to a ɗauki hakan, a ce kashe-tsalle. Namiji ne, kuma irin waɗannan kalmomi ba sa buƙatar jam'i, sai a ce sha-gargada biyu, kashe-tsallen hagu ya zubar da mai.

Mai Fassara: Oga, ko za ka jera yadda ake canjin da waɗannan kalmomi, mu ji ko suna zama a baki?

Bakaniken Ƙofar Ruwa: A samu wuri mai tauri a kafe babur a babban jak. In yashi ne a sa katako ko faffaɗan dutse a ƙarƙashi. A sauke kaya duka. Sifana 14 da 17 ne aka fi buƙata. A wasu babura sai an cire kariya, ko an sassauta salansa, kafin a kai ga notin dama.

Gefe ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan, domin wanda aka bari shi ke riƙe da taya. A sassauta notin sama da na ƙasa tukuna, sannan a cusa katako ƙarƙashin taya a ɗan ɗaga ta har bol ɗin ƙasa ya saki nauyi ya fito da hannu. Wanda ya buge shi da guduma alhali nauyi na kansa zai cinye zarensa, kuma bol ba abin samu ba ne a daji. A cire ƙasa, sannan sama. A lura da yadda washa suka jeru. A sa sabon sha-gargada daga sama, a daidaita idon ƙasa ta ɗaga taya ko sauke ta, a ɗaure noti da hannu kawai.

Ɗaurin ƙarshe shi ne inda aka fi kuskure. Sai an sauke babur daga jak, mutum ya hau ya zauna, sannan a ɗaure tamau. Robar da ke cikin idon tana kama matsayin da aka ɗaure ta a kai. In an ɗaure taya na rataye, da zarar an hau robar za ta murɗe, ta zauna a murɗe, ba da daɗewa ba ta tsage a fara jin ƙwas-ƙwas.

Sai zoben ƙasan sifirin, mai matakai biyar a yawancinsu. Mai kaya da fasinja ya hau mataki na huɗu ko na biyar, kuma dole hagu da dama su zama a mataki ɗaya. Wannan zobe yana ƙara wa sifirin matsi ne kawai, ba ya farfaɗo da kashe-tsallen da ya mutu.

Mai Kayan Gyara: In dole ta sa an sa wanda tsawonsa ya bambanta kaɗan, a sake duba sarƙa da mutum a kai, ta samu wasa kamar milimita 20 zuwa 30 a tsakiya, a kuma sake saita sandar birkin baya. Mai gajarta kuwa a danna a tabbatar taya ba ta taɓa madigadi.

Ɗan Damagaram: A rubuta gargaɗi biyu da manyan baƙi. Kada a kai kashe-tsalle wurin mai walda, akwai mai a ciki, wasu kuma da iskar gas a matse, musamman na manyan babura masu guda ɗaya a tsakiya. Kada kuma a yi ƙoƙarin zare sifirin da igiya ko waya, in ya kufce yana karya yatsu. A hanyar ƙura a riƙa goge sandar da tsumma a duk inda aka yada zango, domin yashin da ya manne mata shi ke yanka robar da ke tare man.

Malamar Hausa: Kalmomin sun zauna a bakin Oga ba tare da tuntuɓe ba. Sifirin a bar shi yadda yake, ya riga ya zama gida.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. A rubutun, farkon ambato zai zo haka: sha-gargada, wanda ake kira shokozoba a Najeriya, amortiser a Nijar. Daga nan sai sifirin da kashe-tsalle a matsayin sassansa biyu. Oga, in an kammala sashen ɗaurin ƙarshe za a turo maka ka duba kafin a fitar.