Fasto ya ce girmankai ya shige ni, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Salama 'yan'uwa cikin Kristi. Tun ina saurayi nake cikin mawaƙan ikilisiyarmu. Lokacin da na karɓi shugabanci ko ganga mai kyau ba mu da ita, ruwan sama na zuba a ɗakin da muke koyon waƙa. Da kuɗin shagona na sayi kibod, na ɗinka wa yara rigunan waƙa, wasu har kuɗin mota nake ba su. Yanzu dattawa sun ɗauki shugabancin sun ba yaron da ni na koya masa. Na je wurin Fasto, magana ta ɗan yi zafi, ya ce girmankai ya shige ni. Tun ranar ban koma koyon waƙa ba. In na durƙusa addu'a sai bakina ya yi nauyi, ciniki ma ya ja baya. Allah ne yake horona? Me zan yi?

Dattijo: Ɗana, buɗe 2 Tarihi 26. Uzziya ya hau sarauta yana da shekara 16, ya yi shekara 52 yana mulki a Urushalima. Muddin yana neman Ubangiji, Allah na ba shi nasara. Da ya yi ƙarfi sai ya shiga Haikali zai ƙona turare, aikin da na firistoci ne. Azariya da firistoci 80 suka tare shi, ya fusata, kuturta ta fito masa a goshi. Fushin da ya yi da gyara, shi nake so ka duba. Ka je ka ba Fasto haƙuri kafin Lahadi.

Maman 'yan biyu: Baba, ba kowane ciwon zuciya ne girmankai ba. Mu a Zumuntar Mata muke kwana a bakin murhu duk lokacin babban taro, da safe a hau bagade a gode wa masu ba da kuɗi, mu ko ambato babu. Bara har tukunyata ta ɓace, ba wanda ya tambaya.

Wani ɗan'uwa: Ka ɗauki kibod ɗinka ka koma inda aka san darajarka. Ikilisiyoyi sun cika gari.

Dattijo: Kul! Abin da aka ba Allah ba a karɓewa. Bulus ya tambayi Korintiyawa, me suke da shi wanda ba karɓa suka yi ba? Muryar, shagon, kuɗin, duka na wa ne? Yakubu 4:6 ya ce Allah yana gāba da masu girmankai. Koma ka zauna a layin baya, ka yi waƙa a ƙarƙashin yaron nan.

Mai tambaya: Baba, na gode, amma ni ban shiga aikin kowa ba, nawa aka ƙwace. Ba yabo nake nema ba, da dai sun kira ni sun faɗa mini kafin sanarwa.

'Yar'uwa daga Jos: Yaya, me ka faɗa wa Fasto da maganar ta yi zafi? Kuma ka raba zancen ciniki da wannan, kowa kuka yake yi da kasuwa.

Mai tambaya: Wannan tsakanina da shi ne. Matata ma ta goyi bayansu, shi ya fi yi mini ciwo.

Maman 'yan biyu: Ai su dattawan ma ya kamata wani ya karanta musu Yakubu ɗin.

Mai tambaya: To gobe akwai koyon waƙa, yaron ya aiko a tambaye ni makullin akwatin kayan kiɗa. In ba shi ko in jira Fasto ya neme ni?