Sabon aiki, an ce ba dokar sutura: me zan riƙa sawa?

Auta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na gama bautar ƙasa wata uku da suka wuce, kuma cikin ikon Allah na samu aiki a wani ƙaramin kamfanin manhajar kwamfuta a nan Kano. Litinin zan fara. Na tambayi wanda ya ɗauke ni irin kayan da ake sawa, ya ce ba su da doka, kowa da abin da ya ga dama. Wallahi amsar ta ƙara rikita ni. Abin da nake da shi kaftani biyu na yadi, shadda ɗaya ta sallah, wandon jins biyu, sai rigunan ƙwallo. Ɗan abin da na tara daga alawi bai taka kara ya karya ba. Ku ba ni shawara don Allah.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Barka da arziki ƙanena, Allah ya sa albarka. Rigunan ƙwallo dai ka bar su a gida. In an ce ba doka, ana nufin ba sai ka ɗaura kwat da nakatayel ba, amma ido na kanka, musamman kai da kake sabo. Makon farko ka je da kaftaninka a goge, ka lura da abin da shugaban wurin da tsofaffin ma'aikata ke sawa. Kar ka kashe ko kwabo sai ka gani da idonka.

Tela: Ni sana'ata ce, bari in ɗan tsawaita. Kuskuren da samari ke yi da sun samu aiki shi ne su tattara kuɗinsu kaf su sayi shadda ɗaya mai tsada, irin su Getzner. Shadda tana son sitaci da bugu, kuma in ka wuni a kujera bayanta duk ya yamutse. Kuɗin nan zai yi maka yadi kala uku har da ɗinki. Ka shiga Kantin Kwari da safe, ka nemi yadi mara nauyi mai yawan auduga, yadi huɗu-huɗu ya ishe ka in ba dogo ba ne sosai. Ga yadda za ka gane shi: ka roƙi mai shago ɗan ƙyalle, ka zare zare biyu ka kunna musu ashana. Auduga za ta ci wuta ta zama toka mai laushi, tana warin takarda. Mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Wannan mai robar shi ne ke dafa mutum a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40. Kala kuma ka ɗauki ruwan toka, ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu. Fari yana da kyau, amma in a adaidaita sahu za ka riƙa zuwa, kafin ka sauka ƙura ta gama da shi. Kuma ka ce wa telanka ya jiƙa yadin ya bushe kafin ya yanka, don auduga tana shiga in ta sha ruwa. Aiki kaɗan a wuya ya wadatar.

Ɗan Fagge: Malam Tela ya faɗi gaskiya, amma ni ban ga laifin ƙananan kaya ba. A wurinmu rabin mutane jins suke sawa da riga mai kwala. Auta, Kofar Wambai ka je wajen 'yan gwanjo, ka zaɓi riguna uku marasa rubutu da zane. Ka duba wuya da hammata da kyau, ka wanke da ruwan zafi ka goge. Jins ɗin kawai kar ya zama mai yage-yage ko wanda ya matse ka.

Yaya Babba: Na yarda, amma ya haɗa biyun. Ranar da baƙi za su zo, ko za a tura shi wajen abokin ciniki, kaftani da hula ya fi ba shi kwarjini. Shaddar sallar kuma ta Juma'a ce.

Ƙanwar Zaure: Ku taimaka min ni ma, wata mai zuwa zan fara a wata ƙungiya mai zaman kanta a Kaduna, su ma haka suka ce min.

Maman Biyu: Ƙanwata, doguwar rigar atamfa ɗinki mara hayaniya guda uku da baƙar abaya ɗaya sun riƙe ki wata da watanni. Leshi da duwatsu ki bar wa biki. Kasuwar Barci akwai teloli da yawa, ki kai da wuri. Ki kula da tsawon mayafi. Makona na farko a ofis gefen mayafina ya shige tayar kujera, na miƙe zan gaida baƙo sai ji na yi ya yage. Tun daga ranar matsakaici nake sawa in kafe shi da fil, ko hijabi iya gwiwa. Takalmi mara tudu. Sai turare, wannan da ke da Auta duka: ɗaki ne a rufe da na'urar sanyi, humra ko turaren wuta mai ƙarfi yana tayar wa mai asma ciwo. Ɗan kaɗan ya isa.

Ƙanwar Zaure: Na gode Anti, ban taɓa tunanin maganar turaren ba.

Ɗan Fagge: Ba a yi maganar takalmin Auta ba. Azahar da la'asar a ofis za su same ka, ga alwala. Sandal na fata mai kyau ya fi sau ciki mai igiya sauƙi. Silifas ɗin roba ka ajiye a ƙarƙashin tebur don alwala kawai.

Auta: Allah ya saka da alheri, hankalina ya kwanta. Malam Tela, in na sayo yadin gobe Asabar, zai samu kafin Litinin?

Tela: Kar ka matsa, ɗinkin gaggawa shi ke fitowa a karkace, ga jiƙon yadin ma yana son yini guda. Ka kai kaftaninka mai duhu wajen mai guga yau, hular ma a wanke ta, ka fara da su. Ka bi maganar Yaya, in ka ga yanayin wurin sai ka sayo yadin Asabar ta sama.