'Yata ta kafe sai ajin kasuwanci, me za ta samu a can?

Baban Hafsa:

Assalamu alaikum. Jama'a ina neman shawara, musamman daga malaman makaranta da ke cikinku.

Ni ɗan kasuwa ne, kayan masarufi nake sayarwa a kasuwar Singa a nan Kano. Bokona bai wuce firamare ba. Daga nan aka kai ni wajen ubangidana, na yi masa yaron shago har ya sallame ni da jari, kuma alhamdu lillahi da shi nake riƙe da gidana.

'Yata ta fari tana aji uku na ƙaramar sakandare. Makaranta sun aiko da takarda a cike ɓangaren da yaro zai shiga in ya je babbar sakandare, ko kimiyya, ko adabi, ko kasuwanci. Ita ta kafe sai kasuwanci, ta ce duk darussansu babu wanda take jin daɗinsa kamarsa. Mahaifiyarta kuwa so take ta yi kimiyya ta zama ma'aikaciyar jinya. Ƙanena da ya yi jami'a ya ce min kada in yarda, wai ajin kasuwanci nan ake zuba yaran da kansu ba ya ja.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, mene ne za a koya mata a aji game da saye da sayarwa wanda ni ba zan iya koya mata a shago ba? In babu, gara ta karanta abin da ba mu da shi a gidan. In kuwa akwai, ba na so in tauye ta. Allah ya ba da ikon taimakawa.

Malama Maman Sadik:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni darasin kasuwancin nan nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata ta gwamnati, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka cike takardar, don iyaye da yawa ba sa tambaya.

Bari in ba ka labarin abin da nake yi da 'yan aji biyu duk shekara. Yawancin ɗalibaina akwai sana'a a gidajensu, wata awara, wata zoɓo, wata ƙuli-ƙuli, wata ɗinkin hula. Sai in ce wadda ake sana'a a gidansu ta fito allo. Wata yarinya ta fito, mahaifiyarta awara take yi. Na ce nawa kuke samu a rana? Ta ce in an sayi waken dubu uku da man dubu ɗaya da ɗari biyu, ana yin cinikin dubu shida, ke nan ribarsu dubu ɗaya da ɗari takwas. Na ce to rubuta. Ta rubuta. Na ce wa ke yi muku markaɗe, kyauta ne? Ta ce ɗari uku. Itace fa? Ɗari huɗu. Yaji da leda? Ɗari uku. Ajin ya yi tsit ana kallon riba tana raguwa a allo har ta dawo ɗari takwas. Can daga baya wata ta ɗaga hannu ta ce, Malama, ba ta faɗi na bashi ba. Ashe cikin dubu shidan nan ɗari biyar tana hannun maƙwabta. Yarinyar ta tsaya da alli a hannu ta ce, shi ya sa kullum Umma ke cewa kuɗin wake ba ya cika.

Uwar nan ba raguwa ba ce, Alhaji. Tun asuba take tsaye. Abin da ya ɓace mata shi ne raba uwar kuɗi da riba, da sanin cewa kuɗin da ke cikin gwangwani ba duka ne nata ba. Kai ka san wannan saboda ka yi shekaru a hannun ubangida. Amma yara nawa ne za su samu ubangida irin naka, balle 'ya'ya mata? Aji shi ne inda ake ba kowa wannan ilimin, ɗan mai shago da ɗan mai gadi.

Kuma ko kai, da girmanka, akwai abin da shago ba ya bayarwa. Shago yana koya wa mutum kasuwar da yake ciki. Aji yana koya masa abin da ya haɗa duk kasuwanni. Tun da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a) a 1982 aka sa darasin nan a ƙaramar sakandare, kuma ba saye da sayarwa kaɗai ke cikinsa ba. Akwai littafin shiga da fitar kuɗi, da littafin ƙananan kashe-kashe na ofis, da yadda ake rubuta rasit da takardar kaya. Akwai aikin ofis, wato rubuta wasiƙa da adana takardu. Akwai banki da inshora. Akwai haƙƙin mai saye, inda muke sa yara su zo da gwangwanin madara ko kwalin magani daga gida su nemo lambar NAFDAC da ranar da kayan zai lalace. Akwai kuma koyon buga rubutu, wanda da can a tafireta ake yi, yanzu a kwamfuta. Wannan na ƙarshen kada a raina shi, don tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma yaron da bai taɓa ɗora yatsa a kanta ba rabin lokacinsa a neman madanni yake tafiya.

Maganar ƙanenka kuwa, akwai makarantun da ke yin hakan, su tace masu maki su kai kimiyya, sauran su tura kasuwanci. Wannan laifin masu rabon ne, kuma yana ƙona min rai, don lissafin kuɗi na babbar sakandare ba wurin hutawa ba ne. Yaron da lissafi ke ba shi wahala zai sha wuya a can. In Hafsa tana son ta karanta aikin akanta, ko tattalin arziki, ko harkar banki a jami'a, sai ta ci lissafi da Turanci da kyau. Akwai ma hanya ta kusa: ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, tana da jarrabawar ƙananan akantoci da ake iya farawa da sakamakon sakandare in an samu darussa biyar har da waɗannan biyun.

Sai dai a gaya wa Mamanta gaskiya: in ta shiga kasuwanci, ƙofar aikin jinya ta rufe, don can sai da kimiyyar halittu da ta sinadarai da fiziks. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, a zauna da yarinyar a yi mata bayaninsa sosai kafin a sa hannu.

Kawu Na Kwari:

Malama ta yi bayani, Allah ya saka. Amma ni zan ɗan ja da baya kaɗan.

Ɗan'uwa, ni yadi nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma yara masu takardar kasuwanci sun sha zuwa min neman aiki. Ka tambayi yaro ma'anar ciniki, ya zubo maka ita da Turanci babu gargada. Ka bar shi da baƙo ɗan Agadas ko ɗan Marwa da ya zo sarin atamfa, ya rasa ta inda zai fara. Bai san yadda ake taya kaya ba, bai san lokacin da ake cewa albarka ba, bai san fuskar mai saye da ta mai zagayen farashi ba. Hadda kawai suka yi don jarrabawa. Wani malamin ma da ya koyar da su ko allura bai taɓa sayarwa ba.

Garin nan da kasuwa aka san shi tun kafin boko. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci. Alhassan Ɗantata da fataucin goro ya tashi, ya zo ya yi suna a gyaɗa, har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Abin da ya riƙe irinsu amana ce da haƙuri da sanin mutane, kuma waɗannan ba a allo ake rubuta su ba.

Ban ce kada ta yi ba. Cewa nake kada ka saki jiki ka ce makaranta ta gama maka aiki.

Ummu Aiman:

Salamu alaikum. Baba, ni kimiyya na yi, yanzu ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, don haka ba ɓangarena nake karewa ba. Amma ina roƙonka ka bar ta.

Mahaifinmu hatsi yake sayarwa a Dawanau, Allah ya ji ƙansa. Mutum ne mai amana irin wadda Kawu ya faɗa, kuma komai nasa a ka yake. Wanda yake bi, wanda ke binsa, buhu nawa ke rumbun wane, duk a ka. Rasuwar farat ɗaya ya yi. Bayan sadakar bakwai masu binsa suka fara sallama, wasu da takarda, wasu da rantsuwa kawai, muka biya don a sauke masa nauyi. Waɗanda yake bi kuwa, 'yan kaɗan masu tsoron Allah ne suka kawo da kansu. Sauran har yau ba mu san su ba. Rabon gadon da ya kamata a gama cikin wata guda ya ja, har zumunci ya so ya taɓu tsakanin ɗakuna.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Rashin rubuta shi ne matsalar. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Zakkar kayan kasuwa ma, ɗaya cikin arba'in, ta yaya mutum zai fitar da ita daidai in bai ƙidaya hajarsa ya san abin da ya mallaka ba?

Ni ɗan abin da na tsinta a darasin nan a ƙaramar sakandare shi ya tsare ni a wani wurin. Lokacin da MMM, wani shirin zuba kuɗi na damfara a intanet, ke tashe a 2016, ana alkawarin ƙarin kashi 30 cikin 100 duk wata, ƙawayena a makaranta suka yi ta zuba kuɗin aljihunsu. Na zauna na buga lissafin: dubu ɗari a wannan ƙa'idar za ta haura miliyan biyu a shekara ɗaya. Wace haja ake sayarwa da ke kawo haka? A watan Disamba na shekarar suka rufe asusun mutane. Ga shi a 2025 wata irinta mai suna CBEX ta sake kwashe wasu, har da masu digiri. Malaminmu ya taɓa ce mana duk inda aka ce ga riba, ku tambayi me aka saya, me aka sayar. Tambayar nan kaɗai ta isa a koya wa kowane yaro, ko likita zai zama.

Baban Hafsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ji ƙan mahaifinki. Maganarki ta taɓa ni, don nima rabin bashin da nake bi a kaina yake. Malama, in na ce ta riƙa zuwa shago ranar Asabar don ta koyi abin da Kawu ya nuna, me zan fara ba ta?

Malama Maman Sadik:

Kawu, ban musa maka ba. Haddar nan tana nan, kuma akwai makarantun da ake zana madannan kwamfuta a allo saboda babu ko guda ɗaya da yara za su taɓa. Ni kaina na fi son a ce kowane zango an kai 'yan aji kasuwa, ko a gayyato irinku ku zo ku yi musu awa ɗaya a kan yadda ake karɓar baƙo. In ka yarda, ƙofar ajina a buɗe take. Amma ka duba manyan shagunan layinku, da wuya ka ga wanda babu akawu ko yaro mai kwamfuta a ciki. Wani ne zai riƙe wannan kujerar, me zai hana ta zama 'yar mai shagon?

Alhaji, ka saya mata littafi mai bango mai ƙarfi guda biyu. Na farko na bashi: kowane mutum da shafinsa, kwanan wata, abin da ya ɗauka, abin da ya kawo, abin da ya rage. Kai ka riƙa faɗa tana rubutawa. Na biyu na shiga da fita, hagu abin da ya shigo, dama abin da ya fita, har kuɗin dako da na shayi da wanda ka ɗauka don cefanen gida, kada a bar ko ɗaya. In an tashi rufe shago ta haɗa lissafi ta gwada da abin da ke cikin aljihun tebur da wanda ya shigo ta POS.

In ta saba da wannan, sai ka sa ta ƙara layi ɗaya a gefen kowace haja: nawa aka saro ta, nawa kuma ake saro ta yau. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, kuma masu ƙananan shaguna da yawa sun sayar da tsohon kaya a tsohon farashi suna murnar riba, suka koma sari kuɗin bai sayo yawan katan ɗin da suka sayar ba. Kai ka san wannan a aikace, ita kuma za ta gan shi a rubuce.

Kafin ka mayar da takardar, ka je makarantar da kanka ka ga malamin lissafinta, ka ce ya nuna maka sakamakonta na zangon da ya wuce. Ka tafi da Mamanta in da hali, ta ji da kunnenta.