Neman kalmar Hausa: softball da gasar da jami'o'in Amurka ke yi a kansa

1/ Salamu alaikum masu fassara da 'yan jaridar wasanni. A watan Mayun 2025 ruwan sama ya hana a buga wasan ƙarshe na gasar softball ta SEC (Southeastern Conference, wata haɗakar jami'o'in Amurka) a garin Athens na jihar Jojiya, sai aka raba kambun tsakanin Jami'ar Oklahoma da ta Texas A&M. Gajeren labari ne, amma mai son ba da shi da Hausa zai rasa sunan wasan, ya rasa sunan masu shirya gasar. Ku zo mu yanke magana.

2/ Mu fara watsi da "ƙwallo mai taushi". Ƙwallon nan ba shi da taushi ko kaɗan. Kewayensa inci 12 ne, ya fi na besbol mai inci 9 girma, kuma a 2025 Karlyn Pickens ta Jami'ar Tennessee ta jefa shi da gudun da ya kusa kilomita 128 a awa. Su kansu masu wasan sun daɗe suna lalube. George Hancock ne ya ƙirƙiro shi a Chicago a 1887 a matsayin besbol na cikin ɗaki, aka yi ta laƙaba masa sunaye, sai a 1926 Walter Hakanson ya kawo sunan da ya zauna. Ba dole ba ne mu gaji sunan da bai dace da abin ba.

3/ Hausa tana da hanyarta. Mukan duba abin da ya bambanta wasa da sauran, mu rataya masa: ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando, ƙwallon raga, ƙwallon tebur, ƙwallon dawaki. To mene ne ya bambanta wannan?

4/ Wata 'yar'uwa ta kawo "ƙwallon gora na mata". Hajiya, na fahimci dalilinki, domin a jami'o'in Amurka mata ne ke buga shi, kuma na mata aka yi a gasar Olamfik daga 1996 zuwa 2008 da kuma a Tokyo. Sai dai maza ma suna yi, har da gasarsu ta duniya. Ga shi kuma an riga an ɗora wa "gora" kaya da yawa, na sha jin an kira hoki da ita. Sandar da ake bugun nan ma gajera ce mai kauri a kai, ta fi kusa da kulki. Ni dai da za a bar wa besbol "ƙwallon kulki", da na ji daɗi.

5/ Abin da ya raba wasannin biyu yana hannun mai jifa. A besbol daga sama ake sakin ƙwallo. A nan kuwa mai jifa takan wulwula hannu ya yi kewaye guda cikakke, sannan ta saki ƙwallon daga ƙasa, daidai ƙugu. Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gonar gero ya san wannan motsi: majajjawa ce. Kuma wannan jifan ne ya tsara komai na wasan. Taku 43 ne kawai tsakanin mai jifa da mai bugu, wajen mita 13, don haka kafin ƙiftawar ido ƙwallo ya iso. Tsakanin tasha da tasha, wato wuraren da mai bugu ke rugawa ya taka bayan ya buga, taku 60 ne, a besbol kuwa 90. Saboda haka shawarata ita ce ƙwallon majajjawa.

6/ Wani malami ya ce akwai nau'in da ake cilla ƙwallon a hankali ba tare da wulwulawa ba. Gaskiyarka, Malam. Amma wanda ke shiga labarai, na jami'o'i da na Olamfik, mai wulwulawar ne, kuma shi za a yi a birnin Oklahoma a gasar Olamfik ta 2028. Wancan sai mu ce masa na cilli. A baki kuma na san matasa "sofbol" za su ce, ba laifi, amma rubutu yana bukatar sunan da zai nuna wa mai karatu hoton abin.

7/ Kalmar conference ta fi ba ni tsoro, don na tabbata wani zai rubuta "taro". Ba taro ba ne. Jami'o'i ne suka ƙulla yarjejeniya su riƙa karawa da juna duk shekara, su raba kuɗin talabijin. "Rukuni" ya riga ya zama na matakin farko a gasar cin kofi. "Shiyya" da ta yi a da, amma tun 2024 Big Ten, wata takwarar SEC, ta haɗa jami'o'i 18 daga Kalifoniya har New Jersey, gaɓar teku zuwa gaɓar teku. Ina shiyya a nan? Ƙawance ne. Ƙawancen SEC yana da jami'o'i 16, guda 15 ke buga wannan wasa domin Vanderbilt ba ta da ƙungiya. Kuma mu ce jami'a, kada mu ce kwaleji, don kada mai karatu ya ɗauka kwalejin ilimi ake nufi.

8/ Gasar kuwa "gasar cin kofin ƙawance" ta wadatar. Wanda ya ci ya samu gurbi kai tsaye cikin ƙungiyoyi 64 na gasar ƙasa ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka. Ta SEC sili-ɗaya-ƙwale ce. A matakin farko na gasar ƙasa kuwa sai an doke ka sau biyu za ka tafi gida, kun ga sili-biyu-ƙwale ta samu kenan ba wahala.

9/ Saura inning, wato kowane zagaye da ɓangarorin biyu ke karɓar bugu da tsaro. Guda 7 ne a nan, a besbol 9. Na ɗauko masa "turmi" daga bakin 'yan dambe: an tashi a turmi na bakwai. Wanda ke da wadda ta fi ta, ya kawo mu gani.