Yaya ake cin moriyar kuɗin da aka biya a otal?

Matafiyi: Assalamu alaikum, masu gida. Ga tambaya: mutum biyu sun sauka a otal ɗaya, kuɗi ɗaya suka biya, amma ɗaya ya yi barci har da minshari, ɗaya ya kwana yana juyi. Ina bambancin yake? Me ya kamata a yi kafin a biya, da kuma bayan an karɓi makulli?

Mai Tarbar Baƙi: Wa alaikumus salam, Malam Matafiyi. Rabin abin tun wajen kama ɗaki ake gama shi. Shafukan intanet irin su Booking.com da Expedia suna karɓar kamasho daga otal, sau da yawa kashi 15 cikin 100 ko fiye. To ka duba farashi a can, sannan ka kira otal ɗin kai tsaye ka faɗa musu abin da ka gani. Ko ba su rage maka ba, suna iya haɗa maka da karin kumallo ko ɗaki mafi girma, tunda kamashon ya zauna a aljihunsu.

Farashi mafi arha kuwa galibi shi ne wanda ba a mayar da kuɗi in ka fasa. In tafiyar ba ta tabbata ba, arhar nan tarko ce. Kuma ka tambaya ko an haɗa da haraji da kuɗin hidima, domin can ƙasan takarda suke ɓuya.

Batun ɗaki: ka nemi na nesa da lif, da ɗakin taro, da gefen titi. Ka guji mai ƙofar da ta haɗa shi da na maƙwabci. Ƙofa ba ta tare sauti kamar bango, ko tarin mutum za ka ji. Hawa na ƙarshe ba mai tafiya a samanka, sai dai in akwai wurin cin abinci a rufin, kuma ya fi ɗaukar zafin rana.

Yawancin otal suna sallamar baƙi 11 zuwa 12 na rana, su fara shigar da sababbi daga 2 ko 3. Tsakanin nan ake gyaran ɗakuna. Wanda ya iso da wuri yana da zaɓi, wanda ya iso 11 na dare ragowa zai samu. In za ka makara ka kira, don kada a ɗauka ba za ka zo ba a sayar da ɗakin.

Uwar Ɗaki: Mai Tarbar Baƙi ya yi bayani, amma ya tsallake minti goma na farko bayan shiga ɗaki, kuma a nan ake asara. Kada ka ɗora jaka a gado. Ka ajiye ta a banɗaki kan tayil, ka ɗage zanin gado daga kusurwar kai, ka haska fitilar waya a ɗinkin katifa da bayan allon gado. Ɗige-ɗige baƙaƙe kamar na tawada, ko ɓawon ƙwaro, kuɗin cizo ke nan. Tsafta ko tsadar otal ba ta hana shi, a jakunkunan baƙi yake shigowa. In ka gani, ka nemi ɗakin da bai jingina da wannan ba, ba na sama ko na ƙasansa ba, domin yana bin tsagar bango da hanyar wayoyi.

Sai ka kunna ruwan zafi minti biyu, ka ja ruwan masai, ka kunna na'urar sanyaya ɗaki ka saurari ƙararta. In tana fitar da warin danshi, matatarta ta yi datti ko ruwa ya kwanta a ciki, turare ba zai magance ba. Ka gwada soket da sakatar ƙofa. Sauya ɗaki kafin a taɓa gado abu ne mai sauƙi. Bayan ka kwanta a kai, sai an sake gyara shi, nan ake fara ja-in-ja.

Akawu: Ni kuɗin zan taɓa. Otal da yawa suna riƙe wani adadi a katinka a matsayin jingina. In katin cire kuɗi ne, daga asusunka ake danne shi, kuma banki kan ɗauki kwanaki, wani lokaci fiye da mako, kafin ya sake shi. Ka tambayi nawa ne tun farko. A ƙasar waje, in na'urar biyan kuɗi da kati ta ce ka zaɓi kuɗin ƙasarku ko na inda kake, zaɓi na inda kake; canjin da na'urar ke yi ya fi na bankinka tsada.

Ƙaramin firjin ɗaki ma a kula: wasu suna da na'urar da ke rubuta maka kuɗi da zarar ka ɗaga kwalba, ko ba ka sha ba. Ka nemi lissafinka tun da dare kafin ranar tafiyarka, ba da safe ba lokacin da layi ya yi tsawo kuma mota na jiranka.

Mai Tarbar Baƙi: Gaskiya ne. Ƙari ɗaya: ƙarin awa ɗaya ko biyu kafin fita yawanci kyauta ake bayarwa in otal bai cika ba, amma ka nema tun dare, kafin a raba wa masu gyara jerin ɗakunan safe. Ka kuma sa a sabunta katin ƙofar, in ba haka ba ƙarfe 12 na yi zai daina buɗewa.