Jama'a me za mu kira "flight time" da Hausa?

Dan Allah masu Hausa ku taimaka, abin nan ya tsaya min a rai tun daren da na raka Gwaggona filin jirgin Malam Aminu Kano za ta Umara. Ta ce in duba mata tikiti awa nawa za su yi, na duba, tashi 10 na dare sauka Jidda 5 na asuba, sai ta ce to awa bakwai kenan, hankalinta ya tashi saboda ciwon ƙafa. Na ce a'a Gwaggo, agogon Saudiyya ya riga namu da awa 2, zaman da za ki yi cikin jirgi wajen awa 5 ne. A nan na nemi kalma ɗaya da zan faɗa mata na rasa.

Na ga wasu suna rubuta "lokacin tashi". Gaskiya wannan bai yi ba, duk Bahaushen da ka ce wa lokacin tashi ƙarfe nawa jirgi zai ɗaga zai fahimta.

Wani yayana ya ce a ce "tsawon tafiya". Da farko na so shi, amma tsawon na hanya ne ko na lokaci? Kuma dole a raba su biyun nan, don Kano zuwa Jidda a miƙe wajen kilomita 3,400 ne, ta saman Chadi da Sudan a tsallake Bahar Maliya, wannan ba ya canzawa, amma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu jirage suka koma zagaye, alhazan shekarar sun daɗe a sama fiye da yadda aka saba alhali Kano tana nan inda take Jidda ma haka. Ga iska ma, wani lokaci ta tura jirgi wani lokaci ta tare shi.

Don haka ni dai na kilomita a bar shi "tazara", kowa ya san ta. Na lokacin kuma ina ganin "awannin sama" ya fi zama a baki. Wani malami ya ce min "sa'o'in sama" ya fi tsafta, na ce haka ne malam, ya dace da labaran rediyo, amma a tasha da gida awa ake cewa, kuma ni wanda Gwaggo za ta gane ba sai ta sake tambaya ba nake nema.

In jirgi ya tsaya Addis Ababa ko Alƙahira kafin ya wuce, wannan ba sai mun wahala ba, yada zango ne, fatake sun bar mana ita tun zamanin ayari. Awannin sama daban, awannin zango daban.

Mutanen Zinder da Maraɗi, ku ya kuke cewa a can?